Takalman da Goggo Sabuwa ta Aika Misra

Kazaure, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga 'yata Rahina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke a nan. Zafi ya fara, gwiwata ta hagu tana yi mini tsiya idan zan tashi daga sallah, amma alhamdu lillahi. Autata Nana Fatima tana gaishe ki. Na ga babanki a wajen suna, ya ƙara ƙiba, yana ta baza labari wai yanzu ke babbar mutum ce, bayan karatun lauya har aiki kike koya a wata majalisa. Na ce masa, yarinyar da nake cire wa ƙaya a ƙafa tana tsala ihu? Allah ya ƙara ɗaukaka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar gidan nan ta Nana ce, abin da aka faɗa a cikinta da hantsi, kafin la'asar an ji shi a bakin rijiya. Hajiya Mardiya da ke zuwa saro abaya a kasuwar Ataba ta Alƙahira ita za ta kawo miki wannan, ita kuma za ki ba amsa. Ba ta karanta boko, shi ya sa na yarda da ita.

Kakanki da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ba bare nake roƙo ba. An ce cikin sojojin da nakiya ta tashi da motarsu a daji, an kwaso waɗanda suka ji ciwo an kai su asibiti a garin nan naku. An ce har da na gidan nan. Kin san ko wa nake nufi. Ɗan fari ne, bakina ba ya kama sunansa, ba na kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane, haka na tarar iyayena suna yi. Duk wanda na kalla a gidan nan sai ya ce da sauƙi tun kafin in buɗe baki. An daɗe rabonsa da gidan nan, kuma ba da daɗi aka rabu ba.

Ga kilishi da dakuwa nan. Ki ci, ki kai wa masu jinya. Ki je ki duba mini da idonki, ki rubuto abin da kika gani.

Goggonki,
Sabuwa

*

Hayyin Ashir, Alƙahira, ƙarshen azumi

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ya ibada, ya gwiwa? Ki daina zama a kan tabarma, ki sa Nana ta samo miki kujera. Ni lafiya lau, sai dai rama, wadda Baba bai gani ba shi ya sa yake cika baki.

Na je Ataba na sami Hajiya Mardiya a tsakiyar buhunan abaya tana ciniki da yatsu, ita ba Larabci, mai shagon ba Hausa, kuma ita ta ci riba. Na gode da saƙo. Dakuwa dai ta tafi, Hawwa da muke ɗaki ɗaya, Bahaushiyar Sudan, ta ce rabonta da ita tun kakarta na da rai, ban iya hana ta ba. Kilishin na ɓoye a saman kabad.

Goggo, bari in faɗa miki irin babbar mutum ɗin da na zama. Da asuba nake fita in yi kokawar shiga ƙaramar bas, in sauka in hau metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, zuwa jami'a a Giza, in zauna lacca a ɗakin da mutum ba ya jin malami sai ya zo da wuri. Ana tashi in ruga ofis. Majalisar haɗin gwiwa ce ta 'yan majalisun ƙasashen Afirka, an sa ni a kwamitin tsaro. Kada ki ɗauka doka nake yi. Fassara nake yi, in jera kujeru, in haddace wane Onarabul ne ba ya zama kusa da wane. Shugabata Madam Tasneem kalma biyu ta sani a duniya, yalla idan tana so ki ruga, khalas idan ta gaji da jin bakinki. Amma idan na gama lafiya za ta ba ni takardar shaida, kuma da wannan takardar ake samun shiga majalisa a Abuja ba tare da an san kowa ba. Ɗalibai da yawa suka nema, ni aka ɗauka. Kin san Baba ba shi da wanda zai ɗaga wa waya.

Maganar Yaya kuwa, ban samu na je ba tukuna. Asibitin yana can bayan gari, lokacin ziyara kuma daidai lokacin da nake ofis ne. Amma na roƙi Madam ta buga musu waya, an ce da sauƙi, ciwon a ƙafa ne. Da an yi sallah zan je, in sha Allahu. Ki kwantar da hankalinki, asibitocin nan sun iya aiki.

'Yarki,
Rahina

*

Kazaure, watan Shawwal

Rahina,

Bayan gaisuwa, mun yi sallah lafiya, da fatan ku ma haka. Gwiwa tana nan yadda take. Ki gaishe da mai cin dakuwa, ki ce mata ta ci lafiya.

Na karanta takardarki, na ji labarin bas, na ji na kujeru, na ji na matar nan mai kalma biyu. Sai can ƙasa, inda tawada ta kusa ƙarewa, na ga abin da na aike ki. Da sauƙin “an ce” ina da shi buhu-buhu a gidan nan, Rahina, ba sai an ɗauko mini shi a jirgi ba. Idonki na roƙa aro, ba kunnen Madam ba. Ban ce ki bar aikinki ba. Amma garin da mutum yake iya zuwa Ataba karɓar kilishi, ina jin yana iya zuwa bayan gari.

To, ga wani saƙon, wannan ba na ci ba ne, kada ki sa shi a saman kabad. Takalma ne na fata, ruwan ƙasa. Da kaina na je Kano, kasuwar Kurmi, na ce wa Nana wajen mai maganin gwiwa zan je. Mai takalmin ya ce lamba nawa, na ce ban san lamba ba, na auna masa da hannuna, taƙi ɗaya da yatsu huɗu. Ya yi dariya ya ce wannan ƙafa ta soja ce. Na biya shi na karɓi kayana.

Ki ba shi hannu da hannu. Kada ki ƙara gishiri, kada ki yi masa irin dogon bayaninku na lauyoyi. Ki ce daga gida, shi ke nan. Zai gane. Abin da ba zan iya faɗa da baki ba ne na naɗe a cikin ledar nan, don haka ki riƙe ta da kyau.

Na share ɗakin zaure na fitar da buhunan gyaɗa. Na ce wa mutanen gida ɓeraye ne suka dame ni.

Goggonki,
Sabuwa

*

Hayyin Ashir, watan Zulƙida

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Maganarki ta shige ni, kuma gaskiya kika faɗa. Ranar Juma'a na je.

Na same shi zaune a kan gado, an rufa masa bargo zuwa ƙugu, ɗakin akwai sanyin na'ura sosai. Ya tara gemu. Da ya gan ni sai ya ce, “Wace ce wannan, Rahina mai kuka?” Har yanzu dariyarsa tana nan, irin wadda kafaɗa ke rawa. Su shida ne a ɗakin, duk 'yan gida, sun koyi ma'alish, wato yi haƙuri, da tamam, wato ya yi daidai, suna tsokanar masu jinyarsu da su. Kilishin bai kai la'asar ba. Ya tambayi Nana, ya tambayi bishiyar dalbejiyar ƙofar gida ko an sare. Ya tambaye ki. Na ce kina lafiya sai gwiwa, ya juya yana kallon taga.

Takalma suna wurina. A asibiti ba a sa takalmin waje, shi ya sa na adana su tukuna.

Ga labari mai daɗi. Bayan babbar sallah za a mayar da su gida. Wani kwamitin 'yan majalisa zai zo daga gida ya tafi da su a jirgi ɗaya, a sauka a Kano, a yi musu tarba da badujala da tuta. Ofishinmu ne zai shirya rakiyar a nan, kuma Madam ta ce ni zan yi wa shugaban kwamitin tafinta, tunda ni ce 'yar ƙasarsu. Ta ce wannan ita ce jarrabawata a wurinta. Ga shi kuma a makon ne nake rubuta jarrabawar dokar ƙasa da ƙasa a Giza, wajen malamin da bai san uzuri ba. Ina karatu a cikin metro a tsaye, littafi a hannu ɗaya, jawabin Onarabul a ɗaya. Ki sa ni a addu'a.

Hajiya Mardiya za ta faɗa miki ranar saukarsu idan an tsayar. Da sauƙi, Goggo. Wannan karon da idona.

'Yarki,
Rahina

*

Kazaure, ƙarshen Zulhajji

Rahina,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Na je Kano. Na ce wa mutanen unguwa maƙwabciya zan raka, ita ma nata ɗan yana ciki. Kafin in fita na dafa dambun zogale na rufe, na ce sha'awa ce ta kama ni. Na sa mayafin da ban taɓa sawa ba.

Mun tsaya a rana bayan igiya tun hantsi. Aka yi ta busa, aka yi ta kaɗa ganga. Jirgi ya sauka. Wanda ya fara fitowa wani mai babbar riga ne yana ɗaga hannu kamar shi ya dawo daga dajin. Bayansa sojoji suka sauko ɗaya bayan ɗaya, wani da sanda, wani hannu a rataye. Ni ba fuska nake kallo ba, daga inda nake ido ba ya kai wa fuska. Ƙafafu nake kallo, ina neman takalmin fata ruwan ƙasa. Maƙwabciyata ta hango nata ta tsallake igiya, soja bai hana ta ba. Na ce yanzu nawa zai fito, dogo ne, a baya yake tsayawa tun yana makaranta. Aka gama sauka. Mai babbar riga ya yi jawabi har inuwa ta juya, ya ce ba su bar ko mutum ɗaya a baya ba. Aka tafa.

Na tsaya har masu ganga suka naɗe kayansu. Ban iya tambayar kowa ba. In ce wa nake nema? Wani ya ce akwai waɗanda aka fitar ta ɗaya ƙofar a motar asibiti, ban san ko su wane ne ba.

Da na dawo na tsare Nana a ɗaki na kalle ta kawai. Ta fashe da kuka ta fita. Dambun kuwa kafin almuru ya lalace, na zuba wa kaji.

Ke kika ce da idonki. Ke nake tambaya. Ina yake, kuma me ya sa ban ga takalmana a ƙafar kowa ba? Idan ya karɓa ya ƙi sawa ne, ki faɗa mini, zan iya ɗauka. Kada ki rubuto mini labarin bas.

Sabuwa

*

Hayyin Ashir, watan Muharram

Goggo,

Ina gaishe ki. Ban san da wane baki zan tambayi gwiwarki ba.

Yana da rai. Yana asibitin sojoji a Kaduna. Yana cikin jirgin da kika tsaya jira, ta ɗaya ƙofar aka fitar da shi.

Goggo, ba shi da ƙafafu. Duka biyun an yanke daga ƙasan gwiwa tun kafin a kawo shi Misra. Bargon da na rubuta miki ba don sanyi ba ne. Ranar da na je, ledar takalman tana cikin jakata. Na zauna a bakin gadon, hannuna ya sauka a inda ƙafa ya kamata ta kasance, na ji katifa. Ya ga fuskata ya ce, “Kada ki yi mini kukan nan naki, kuma kada a faɗa a gida.” Sai na tura ledar can ƙasan jaka. Na ce a raina wane irin rashin imani ne a miƙa wa mutum takalmi a wannan hali. Da na ba shi kilishin ya juya ledar ya ce, “Shi ke nan saƙon?” Na ce shi ke nan. Ya ce, “Kilishi ai ko baƙo ana aika masa.” Na ɗauka wasa yake yi. Na dawo na tura takalman ƙarƙashin gado, na rubuta miki da sauƙi, don abin da kowa ke faɗa ke nan, kuma na ga kamar tausayinku nake ji ku biyun.

Ranar tafiya na fito daga jarrabawa na ɗauki tasi zuwa filin jirgi ko ruwa ban sha ba. Mutanen Onarabul suka ce masu iya tsayuwa su jeru a gaba da tuta saboda hoto, masu keken guragu a shigar da su ta baya tun da wuri, kada hoton ya tayar wa jama'a hankali. Ni na fassara wa ma'aikatan filin wannan umarni, da bakina, da Larabcina mai kyau. Madam ta ce tamam.

Na karɓi kekensa na tura shi da kaina zuwa inda ake ɗaga su a shigar cikin jirgi. A hanya na ce masa Goggo za ta ji daɗi, an share ɗakin zaure. Ya ce ba Kazaure zai je ba, ya riga ya gaya wa manyansa a bar shi a Kaduna, daga asibiti ya nemi ɗaki a bariki. Na ce saboda me. Ya ce, “Ke yarinya ce lokacin. Ranar da zan tafi aikin soja na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina sallama. Ta fito ta kwashi takalmana ta wurga su bayan katanga, ta ce idan na tafi kada ƙafata ta sake taka mata gida. Babu takalmi a ƙafata na fita daga gidan nan, Rahina.” Ya dafa bargon ya yi 'yar dariya ya ce, “To ga shi, ba za ta taka ba. Na yi ta jira ko za ta aiko da abin da zai nuna ta janye. Tunda ba ta janye ba, ba zan je a ɗauke ni a hannu a shigar da ni inda aka kore ni da ƙafata ba.”

Goggo, a nan na gane abin da kika naɗe a ledar. Takalman suna Hayyin Ashir, amma bakina yana tare da ni. Magana ɗaya ce, in ce ta aiko, ni na ɓoye. Na buɗe baki ke nan sai na ji Madam daga nesa, “Rahina, yalla!” Onarabul ya riƙe abin magana yana waige-waige, manyan baƙi suna jira, babu tafinta. Na ce wa Yaya ina zuwa yanzu. Wallahi na ɗauka zan dawo. Amma ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba: na ji sauƙi da aka kira ni, don ina jin kunyar in ce masa na yi masa ƙarya. Na tsaya a gefen Onarabul ina juya jawabinsa zuwa Larabci, yana cewa waɗannan jarumai 'ya'yansa ne. Ta gefen idona na ga an ɗaga keken an shigar. Bai waiwayo ba.

Layinsa na Misra ya mutu, na gida kuma ba ni da shi. Na nemi Nana ta ba ni, ta ce ya hana. Na ɗauki waya in kira ki kafin jirgin ya sauka, na tuna abin da kika ce game da wayar gidan, na fake da wannan na ajiye. Na bar ki kika tsaya a rana.

Madam ta ba ni takardar. Ta rubuta cewa ban taɓa barin wurin aikina ba ko sau ɗaya. Jarrabawar ma na ci. Na sa takardar a ƙarƙashin gado kusa da ledar, ba na son ganin ko ɗaya.

Ki ce mini abin da zan yi. Ko zagi ne ki rubuto.

'Yarki, idan har yanzu kin yarda,
Rahina

*

Kazaure, watan Safar

Rahina,

Na sami takardarki. Gwiwa da sauƙi, irin sauƙin da kuka koya mini.

Ba zan zage ki ba. Ashe Nana ta sani, babanki ya sani, har mai kai mu Kano a mota ya sani. Kowa ya ji tausayina, kuka bar ni ina auna taƙi a kasuwa. Ke dai naki ya fi ciwo ne don ke kaɗai na roƙa.

Abin da ya ce na faɗa, na faɗa. Tun da na karanta takardarki nake jin maganar a kunnena, da muryata. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba naki ba ne.

Ba ke za ki auna masa abin da zai iya ɗauka ba. Mutumin da ya ɗauki rashin ƙafa biyu zai iya ɗaukar takalmi. Aike aka yi ki, ba shawara aka nema ba.

Takardarki ki fito da ita daga ƙarƙashin gado, ɓera zai ci. Kin biya ta da tsada, har da abin da ba naki ba, sai ki yi aiki da ita. Idan kin shiga majalisar, duk ranar da aka ce a bi da wani ta ƙofar baya, ki tuna kina da baki.

Ki ba Hajiya Mardiya takalman, a ledarsu. Ba sai kin haɗo da takarda ba, na gaji da karatu. Na san babu inda zai sa su. A cinya zan ɗora masa.

Ranar da suka iso zan hau motar Kaduna ni kaɗai. Ban ce wa kowa maganin gwiwa zan je nema ba, na faɗa musu inda za ni. Ban sani ba ko zai yarda ya gan ni. Nana ta ce akwai soja a ƙofar asibitin, ba ya barin kowa ya shiga sai ya faɗi wanda yake nema. Shekara talatin da ɗaya ban faɗa ba, sai da na rufe ɗaki na gwada, muryar ta fita kamar ba tawa ba.

Zan ce masa Abdurrahim nake nema. Abdurrahim, ɗana.

Sabuwa